Ranar iska a tsibirin Andiros: sanda, igiya da gishiri

Laraba, watan Maris. Behring Point, tsibirin Andiros, ƙasar Bahamas.

Tun da asuba iska ta taso daga gabas, ganyen kwakwa sai kaɗawa yake yi, kuma hakan kaɗai ya yanke hukuncin sandar kamun kifin da za ta shiga jirgin ruwa yau. Uku ne jere a teburin baranda: mai lamba 7, mai lamba 8 da mai lamba 9, kowace tsawonta ƙafa tara, gaɓa huɗu. Ta 8 da ta 9 suka tafi, ta 7 ta koma kwansonta.

Lambar nan ba ta nufin girman kifin da sanda za ta iya ɗagawa, kuma a nan ne yawancin sababbin shiga ke ɓata kuɗinsu. A fatsar da muka sani, dalma ko koto ne ke da nauyi, shi ke jan zare idan an wurga. A wannan fatsa koton gashi ne da aka ɗaura a ƙugiya, nauyinsa bai kai na ƙwayar gyaɗa ba, don haka igiyar ce kanta ake jefawa, koton ya bi ta. Lambar tana faɗin nauyin ƙafa 30 na farkon igiyar: ta 7 kusan giram 12, ta 8 giram 13.6, ta 9 wajen giram 15 da rabi. Bambancin giram biyu kamar ba komai ba, amma idan iska na dukan fuskarka, shi ne tsakanin koton da ya sauka gaban kifi da wanda ya dawo ya tsaya maka a hula. Shi kuwa bonfish, kifin ruwan gishiri da muka zo nema, yawancin wanda ake kamawa a nan laba uku zuwa biyar ne, sanda mai lamba 6 ma za ta iya da shi. Saboda iska ake ɗaukar 8. Wanda zai sayi sanda ɗaya tak, ya sayi 8. Wanda zai ƙara ta biyu, ni dai 9 nake ba da shawara ba 7 ba, domin ranar da babu iska kowace sanda za ta yi aiki, ranar da ake iska kuwa ta 7 ba ta da amfani, ga kuma manyan kifin yammacin tsibirin da ke kaiwa laba goma, waɗanda ake jefa musu koto mai nauyi.

Gaɓa huɗu kuma saboda tafiya ne. Daga Nasso, babban birnin ƙasar, ƙaramin jirgin sama ke kawo mutane, kuma ana auna kaya. Kwanson sanda mai gaɓa huɗu bai kai ƙafa uku ba. Kafin a haɗa gaɓoɓin, a goga ɗan kakin kyandir a bakin kowace mahaɗa, a zura ta a ɗan karkace, sannan a murɗa har zobban da igiya ke bi ta cikinsu su daidaita. Bayan jifa na awa ɗaya a sake dubawa. Mahaɗar da ta saki ita ke tsagewa, mutum ya yi ta zagin kamfani alhali laifin nasa ne.

Sandunan ruwan gishiri masu tauri ne, kansu kawai ke lanƙwasa, don su harba igiya da sauri. Sai dai an wuce gona da iri a wajen taurin. Sandar da ke jefa ƙafa 90 a filin kanti sau da yawa ba ta jin igiya a ƙafa 30, kuma yau duk kifin da aka gani tsakanin ƙafa 30 ne da 50. In za a gwada sanda kafin saye, a ajiye faranti a ƙafa 40, a riƙe koto a hannu, a ga ko za a iya sauke shi kusa da farantin da kaɗawa biyu. Wannan ne gwajin, nisa ba ya cikin lissafi.

Ƙarfe takwas muka shiga North Bight, ɗaya daga cikin mashigan ruwa uku da suka ratsa tsibirin daga gabas zuwa yamma. Ruwa ya fara cikowa, lokacin da kifin ke biyo shi zuwa fili mara zurfi, wani wurin bai kai gwiwa ba, yana tonon yashi da bakinsa da ke ƙasa, yana neman jatan lande da ƙananan ƙaguwa da tsutsa. Jagora ya kashe inji, ya hau dandamalin da ke bayan jirgi, ya kama tura mu da doguwar sanda. Ƙa'idarsu ita ce hancin jirgi ƙarfe 12 ne, hagu sosai ƙarfe 9, dama sosai ƙarfe 3. In ya ce "ƙarfe sha ɗaya, ƙafa arba'in, yana tafiya dama," daƙiƙa biyar ko shida kake da su.

Matsalar farko ta yau daga igiya ta fito. Abokin jirgina ya zo da igiyar da yake kamun kifin rafi da ita a ƙasar sanyi. Da hantsi ya dubi ludayi, benen jirgi ya ɗau zafi, igiyar ta yi laushi kamar dafaffiyar taliya, tana manne wa zobba, tana ƙullewa a ƙafarsa. Igiyar ƙasar zafi cikinta mai tauri ne, fatarta ma mai ƙarfi, don ta riƙe jikinta a rana. Ita kuma aibinta shi ne da sassafe takan fito a nannaɗe kamar waya, sai an ja ta hannu bibbiyu, ƙafa shida bayan ƙafa shida, ta miƙe. Mai shawagi a saman ruwa ake so, wadda nauyinta ke gaba. A zo da biyu, domin murjani da saiwar itatuwan bakin ruwa suna yanka ta, kuma babu kantin da za a saya a kusa. Na ba shi ta ajiyata. Sauyin bai ɗauki minti biyar ba saboda an riga an yi wa zaren baya, wato dogon zaren da ake ɗaurawa a bayan igiyar jifa, babban madauki wanda dukan ƙunshin igiyar zai wuce ta ciki.

Bayan an ja igiya daga ril, wato na'urar naɗe zare, an zuba a bene, akwai abu ɗaya da ake mantawa: wadda ta fara fita ita ke ƙasan tarin, alhali ita ce za ta fara tashi idan an yi jifa. Sai a jefa duka sau ɗaya, a janyo a sake tarawa. A cire takalmi kuma, ƙafa da safa kawai, don a ji in an taka ta.

Ril ɗin a kamun kifin rafi ma'ajiya ce kawai. A nan aiki take yi. Bonfish in ya ji ƙugiya ba ya tsalle, ba ya nutsewa, gudu yake yankawa a miƙe, kuma mai laba biyar yana iya kwashe yadi ɗari kafin ya tsaya. Igiyar jifa ƙafa 90 zuwa 100 ce, yadi 30 da 'yan kai ke nan, saura duk zaren baya ne. Yadi 150 zuwa 200 na zaren Dacron mai ƙarfin laba 20 ya wadatar. A naɗa shi da ƙarfi ƙwarai, in ya yi sako-sako sai na sama ya nutse cikin na ƙasa ya cije a tsakiyar gudu, tsarkiya, siririn zaren da aka ɗaura koto a bakinsa, ta tsinke. Birkin ya zama rufaffe wanda gishiri da yashi ba sa shiga, kuma ya fara sakin zare ba tare da fizga ba. Fizgar farkon nan ita ke tsinka tsarkiya, ba ƙarfin kifin ba. Ba a matse shi da yawa: daidai yadda in ka ja igiya da sauri ril ɗin ba zai zarce da juyawa ya hargitsa zare ba. Mai faɗin ciki ya fi, domin kifin yakan juyo ya nufo jirgi, kuma dole a kwashe zare da sauri.

In da za a tambaye ni yadda za a raba kuɗi, zan ce igiya da tabarau tukuna, sannan ril, sanda a ƙarshe. Sanda mai matsakaicin farashi da igiya mai kyau ta fi sanda mai tsada da igiyar banza.

Tabarau ɗin ba na ado ba ne. Jikin kifin kamar madubi yake, yana ɗaukar launin ƙasan da yake bi, sau da yawa inuwarsa ake fara gani kafin shi. Sai da gilashi mai kashe ƙyallin ruwa, mai launin jan ƙarfe ko ruwan zuma. Mai launin toka na teku mai zurfi ne, a nan dusar da komai yake yi. Hula kuma a samu wadda ƙasan bakinta baƙi ne. Da gajimare ya rufe rana wajen sha biyu, minti ashirin muka yi ba mu ga komai ba, har jagoran ma sai wutsiyar da ta leƙo sama yake nema.

Tsarkiya, wato siririn zaren da ba ya ganuwa tsakanin igiya da koto, ƙafa tara zuwa sha biyu ake yi, mai kauri daga sama tana sirancewa. Yau saboda iska ƙafa tara muka tsaya, bakinta zaren fulorokabon mai ƙarfin laba 12. Ranar da ruwa ya kwanta lumui, kifi ke firgita da faɗuwar igiya, sai a kai ƙafa sha biyu ko fiye, a sauka laba 10. Wajen manya ko inda akwai saiwoyi, laba 16. Fulorokabon ya fi nailan jure gogar murjani kuma yana nutsewa, amma ƙullinsa na zamewa in ba a jiƙa shi da yawu an ja sosai ba. Koton kuma da ƙullin madauki ake ɗaura shi, don ya riƙa rawa a ruwa. Duk bayan jifa mara kyau a shafa tsarkiyar da yatsa. Ƙaramin ƙullin da iska ke jawowa yana rage ƙarfinta ƙwarai, kuma shi ya ɓatar da kifi na biyu yau: tsarkiyar ta dawo a tsinke daidai wurin.

Akwatin koto ba ya bukatar iri ɗari. Biyu daga cikin fitattun duniya a tsibirin nan aka haife su: Crazy Charlie, mai sunan jagora Charlie Smith, tun 1977, da Gotcha na Jim McVay, mai kai ruwan hoda. Abin lura nauyi ne kafin launi. Ana ɗaura wa koton idanu biyu a bayan ƙugiya, su ke nutsar da shi kuma su juya tsinin sama don kada ya kama ciyawa. Idon sarƙa mara nauyi na ruwan da bai kai gwiwa ba ne, idon dalma na ƙafa uku ko huɗu, mara ido kuma na kifin da wutsiyarsa ke waje. Koto ya kai ƙasa cikin daƙiƙa biyu ko uku. In ya wuce haka kifi ya wuce ta ƙarƙashinsa, in ya faɗo da ƙara kuma garken ya watse. Launi a bi ƙasa: fari ko ruwan ƙasa a kan yashi, mai duhu a kan ciyawa. Ƙugiya lamba 4 da 6, a ƙara 'yan lamba 2 masu girma saboda manyan kifin Andiros, duka na ƙarfen da ba ya tsatsa, a danne ƙayar da filaya.

Idon dalmar nan shi ne babban makashin sanda. In iska na zuwa ta kafaɗar hannun jifa, tana turo koton ya doki jikin sandar. Ba ta karyewa nan take, sai bayan kwana biyu a kan kifi. Maganinsa a juya baya a sauke koton da jifan baya. Na biyun masu karya sanda shi ne ɗaga ta tsaye cak idan kifi ya zo gindin jirgi. Na uku fankar silin ɗin masauki.

Da kifi ya ɗauka, ba a ɗaga sanda. Kanta na ƙasa, a ja igiya da hannun hagu, ja ɗaya mai tsawo, har a ji nauyi. Ɗagawa fizge koton take yi daga bakinsa ta fitar da shi daga ruwa, ja kuwa in bai kama ba koton na nan gabansa, yakan sake bi. Daga nan ido ya bar kifi ya koma kan igiyar da ke bene, a ware hannu biyu, a bar ta ta fice ta cikin yatsu har ta hau ril.

Da la'asar ruwa ya janye, muka sauka da ƙafa. Takalmi mai tauri mai rufe idon sawu, da safa a ciki saboda yashi, kuma ana jan ƙafa a ƙasa ne, ba a ɗagawa, saboda kifin nan mai faɗi mai dafi a wutsiya da ke kwanciya cikin yashi. Huɗu aka kama duka yau, aka saki. Hannu a jiƙe, babu man rana a tafin, kifi na cikin ruwa ana zare ƙugiya. In za a ɗauki hoto kada ya wuce daƙiƙa 15 a iska. Wanda aka gajiyar da yawa abincin shak ne da barakuda, manyan kifaye masu farauta, shi ya sa tsarkiya mai ƙarfi da gajeren faɗa suka fi masa alheri. Na ƙarshen sai da aka riƙe shi a gefen jirgi jagora ya tura mu gaba, domin wani ƙaramin shak na kewaya wurin.

Bayan magariba aikin wanki. Ruwan famfo a hankali, ba da ƙarfin tiyo ba, don kada a tura gishiri cikin ril. A cire ƙunshin zaren a ɗauraye daban, a sassauta birki gaba ɗaya. Sanda a wanke zobba da mazaunin ril da tsohon buroshin haƙori, a bar ta ta bushe kafin ta shiga jaka. Igiya a ratsa ta cikin tsumma mai ɗanshi. Koton da aka yi aiki da shi ba ya komawa akwati da gishirinsa, in ba haka ba ya shafa wa sauran. Maganin sauro kuma, mai sinadarin DEET, yana cin fatar igiya, don haka sai an gama taɓa kaya ake shafa shi.

Jagora ya ce gobe in iska ta sassauta za mu ratsa zuwa yamma, inda ƙasan laka ce kuma ba a sauka daga jirgi. Na ɗaura tsarkiya mai laba 16 a sanda ta 9, na ware koto shida masu idon dalma.