Tsohon firij ɗina da tambayar lanho

A watan jiya na sa hoton tsohon firij ɗina a Facebook, kuma kafin la'asar wani magidanci daga unguwar Zengu ta Damagaram ya zo ya biya jika sittin ya ɗauka. Da daddare ƙanena ya ce mini: "Yaya, yanzu ai kin zama ƴar kasuwa, sai ki shirya biyan lanho."

Maganar lanhon, wato haraji, ta tsaya mini a rai. Dokar kasuwanci ta OHADA (ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka), wadda Nijar take bi, tana kiran mutum ɗan kasuwa ne idan ya mayar da saye da sayarwa sana'arsa. Wanda ya rabu da kayan ɗakinsa sau ɗaya, galibi ma a ƙasa da kuɗin da ya saye su, bai ci ribar da za a ɗora wa haraji ba.

Lamarin yana sauyawa ga maƙwabciyata, wadda take saro atamfa daga Kano kowane wata tana tallarta a WhatsApp. Ko da ba ta da rumfa a kasuwar Dole, abin da take yi kasuwanci ne, don haka ya kamata ta nemi lambar NIF, wato lambar shaidar mai biyan haraji, a ofishin haraji, ta san ko tana cikin tsarin ƙananan ƴan kasuwa ko cikin masu karɓar TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan kuɗin kaya, na kashi 19 cikin ɗari.

Ni dai na adana saƙonnin cinikin tare da rasidin firij ɗin na asali, saboda su ne shaidar cewa kayan gidana na sayar.