Yinin da Cok ɗin Tsohon Injin Huda Ya Cinye

Asabar, Bauchi.

Yau ban taɓa katako ba sai bayan la'asar, domin yinin gaba ɗaya ya tafi ne a kan wani ƙarfe da tafin hannu ɗaya ke ɗauka. Cok ne, wato kan nan mai yatsu uku da ke riƙe ƙarfen huda, na tsohon injin huda mai tsayuwa da na saya a watan jiya daga hannun magadan wani dattijon kafinta a unguwar Gwallaga. Injin ƙirar Ingila ne, gangar jikinsa zubin ƙarfe ce mai nauyin gaske, kuma motonsa yana karɓar wutarmu ba tare da wata dabara ba, saboda wutar Najeriya da ta Ingila duka masu zagaye 50 ne a daƙiƙa, ƙarfinsu kuma wajen bolt 230. Boris ɗinsa lafiya lau, sandarsa tana sauka tana hawa ba tangarɗa. Abin da ya hana shi aiki shi ne cok ɗin, wanda aka miƙo mini daban a cikin wani tsohon gwangwani, shi da ƙarfen da ke haɗa shi da sandar injin, bayan sun sha damina a ɗakin ajiya mai yoyo.

Tsatsa ta yi masa ja wur, haƙoran da makulli ke kamawa sun cika da garin katako da ya haɗu da tsohon mai ya daskare, yatsun uku kuwa sun tsaya cak a tsakiyar hanya, ba sa gaba ba sa baya. Tun daren jiya na nutsa shi cikin kananzir, domin ina da aikin ƙofofin kabad na kicin da ke jira, kuma kowace ƙofa tana buƙatar ramin hinji mai faɗin milimita 35, zurfinsa wajen milimita 12, a jikin allon da kaurinsa milimita 18 ne kacal. Irin wannan rami ba ya yafe wa injin da kansa ke rawa, domin ko dai ya yi faɗi hinji ya riƙa girgiɗi, ko kuma bakinsa ya ɓantale a inda idon mai kaya zai fara sauka.

Da safe na fito da shi na goge da tsumma, sai rubutun jikinsa ya bayyana: sunan Jacobs, da iyakar abin da yake riƙewa, wato rabin inci ko milimita 13, da lamba 33 wadda ke nuna irin ramin da ke bayansa. Arthur Jacobs, mutumin Amurka, shi ne ya yi rajistar wannan ƙira ta cok mai makulli mai haƙora a 1902, kuma har yau kusan duk cok mai makulli da ke kasuwa a kan tsarinsa aka yi shi. Na so in gyara wannan maimakon in sayi sabo, kuma dalilina ya wuce ƙaunar tsohon abu. Yawancin sababbin da nake gani a shagunan kayan aiki suna zuwa ne da rami mai lamba B16, wanda bakinsa milimita 15.73 ne, alhali bakin mai lamba 33 milimita 15.85 ne, kuma yadda kowannensu yake sirancewa ya bambanta. A ido kamar abu ɗaya ne, har mai shago zai rantse maka cewa zai shiga, kuma lalle zai shiga, amma a gefe ɗaya kawai zai kama, ranar da aiki ya yi nauyi kuma ya faɗo.

Kananzir ya sassauta shi har makulli ya fara motsa shi kaɗan, amma ana jin ƙarar yashi a ciki, don haka babu makawa sai an buɗe. Rigar waje ta cok matsa ta aka yi da ƙarfin inji, ba a ɗaure ta da ƙusa ko noti ba, kuma wanda ya ce zai cire ta da guduma zai lanƙwasa bakinta ne kawai. Da hantsi na ɗauke shi zuwa wurin wani dattijo mai gyaran ƙarfe a gefen kasuwar Muda Lawal, wanda yake da injin matsa na jak. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, rigar nake so a zare mini, amma ina tsoron yatsun." Ya juya shi a hannunsa, ya ce, "Ka yi daidai da ka bar su a tsakiya, ɗana. Da sun koma ciki duka, rigar za ta tafi da haƙoransu." Ya ɗora bayan rigar a kan wani guntun bututu, ya ɗora wani ƙarami a kan hancin cok ɗin yadda ba zai taɓa yatsun ba, sannan ya riƙa sauke jak a hankali. Aka ji wata 'yar ƙara guda ɗaya, jikin ya sulale ƙasa, rigar ta rabu da shi.

A nan ne mutum yake ganin hikimar abin. A ƙarƙashin rigar akwai zobe mai zare a cikinsa, wanda yake zagaye yatsun uku, kuma da aka cire rigar sai ya rabu gida biyu a hannuna. Yaron shagona da ya raka ni ya zaro ido, yana zaton mun fasa shi. Ba mu fasa ba: tun a masana'anta ake ƙera zoben guda ɗaya, sannan a karya shi da gangan don a iya sa shi a gurbinsa, kuma wannan karaya mai kaushi ita ce ke sa ɓangarorin biyu su koma mazauninsu daidai. Saboda haka ba a goga ta da komai, ko da ta yi baƙi. Su ma yatsun ba iri ɗaya ba ne ko da yake sun yi kama, domin zaren kowannensu yana farawa ne a tsayi daban da na ɗan'uwansa, yadda idan zoben ya juya dukansu za su iso tsakiya a lokaci guda. Idan aka sauya musu jeri, ɗaya zai riga sauran, ƙarfen huda kuma ya karkace. Kafin in zare su na yi wa kowane rami alama da tsinin ƙusa a wajen da ba ya gugar komai, na jera yatsun a kan takarda mai lamba ɗaya, biyu, uku.

Da muka dawo shago na raba aikin wankin gida biyu. Yatsu da zobe ƙarfe ne mai tauri da aka gyara wa fuska da kyau, tsatsarsu kuma ta sama ce, don haka kananzir da tsohon buroshin haƙori da buroshin waya mai laushi suka wadatar. Rigar da jikin cok ɗin, waɗanda tsatsa ta fi ci, su na sa a ruwan khal, amma jikin na tsayar da shi ne hanci a ƙasa, ruwan bai kai ga ramin baya ba. Ruwan khal yana narkar da tsatsa saboda tsaminsa, sai dai ba ya tsayawa a kanta, idan aka manta da shi zai shiga cin lafiyayyen ƙarfen ya bar shi da ƙananan ramuka. Bayan azahar na tsamo su, ruwan ya koma kalar shayi, tsatsar kuma tana fita da gugar buroshi kawai. Na ɗauraye su da ruwan kanwa domin ta kashe sauran tsamin, na sake ɗaurayewa da ruwa mai kyau, na share, na shanya a kan kwanon rufi da rana ta gasa. Ƙarfen da ya fito daga tsami yakan fara sabuwar tsatsa tun kafin ya gama bushewa, shi ya sa da zafinsa na shafe shi da mai. Ramukan yatsun, waɗanda suke a karkace, na bi su da tsumma da na naɗe a jikin siririn itace har kowane yatsa ya riƙa zamewa a raminsa da nauyin kansa.

Sai babban al'amari, wanda shi ne ya fi ɗaukar hankalina yau. Babu noti ko ƙusa da ke riƙe wannan cok a jikin injin. Ƙarfen haɗin yana da kai biyu, kowanne yana sirancewa zuwa bakinsa: gajeren yana shiga bayan cok, dogon kuma yana shiga cikin sandar injin. Dogon shi ne ƙirar Morse mai lamba 2, wadda Stephen Morse ya fito da ita a Amurka a 1864, kaurinta a wajen gindi milimita 17.78, kuma tana raguwa da kimanin milimita ɗaya a kowane milimita ashirin na tsawo. Wannan 'yar raguwa ita ce dukan sirrin, domin idan fuska biyu masu santsi suka haɗu a irin wannan kusurwa, duk dannawar da aka yi musu ƙara kama juna suke yi, kamar yadda tsinin gatari yake ƙara nutsewa cikin ƙota da kowane sara. Amma sharaɗin shi ne su haɗu tun daga sama har ƙasa. Ƙwayar yashi ɗaya, ko ɗan tudun da guduma ta tayar, ko ɗigon mai, ya isa ya raba su.

A jikin gajeren kan na ga tabon duka da wani zobe mai sheƙi, alamar cewa cok ɗin ya daɗe yana zamewa yana juyawa a kansa kafin a ajiye injin. Yaron ya ce, "Maigida, me zai hana mu kai wa mai walda ya ɗana masa wuta a gefe biyu, mu huta?" Na san ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba, domin na sha ganin injuna a garin nan da aka yi wa haka, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na gani. Zafin walda yana jan ƙarfe zuwa gefen da aka fara ɗanawa, cok ya zauna a karkace har abada, kuma ranar da yatsunsa suka cinye babu hanyar canza shi sai da abin yanka. Na zaunar da shi na nuna masa abin da ake yi. Na ja layi uku da alƙalamin maka a tsawon kan, na sa shi a ramin cok ɗin, na murza kaɗan da hannu, na zare. Tawadar ta goge a wuri ɗaya tak, daidai kan tabon, sauran layin kuma yana nan yadda na ja shi. Na ɗauki ƙaramin dutsen wasa mai laushi na kwantar da wannan tudu shi kaɗai, ban bi sauran jikin ba, domin mai goge irin wannan wuri da sanfefa mai kaushi yana lalata kusurwar da yake neman gyarawa. Na yi ta maimaita gwajin ina rage tudun kaɗan kaɗan, har tawadar ta riƙa gogewa a kusan dukan tsawon layukan. Cikin ramin cok da cikin sandar injin kuwa, tsumma da ɗan fetur na sa, na yi ta sharewa har farin tsumma ya fito fari.

Haɗawa ba ta ɗauki lokaci ba. Kowane yatsa ya koma raminsa, na daidaita bakunansu, na shafa giris kaɗan a zaren, na rungume su da ɓangarorin zoben, na juya da hannu na ga sun haɗu a tsakiya babu wanda ya riga wani. Giris mai yawa a shagon kafinta tarkon garin katako ne, don haka na taƙaita. Yaron ya koma wurin Baba aka matsa rigar, ya dawo kafin la'asar, cok ɗin yana buɗewa yana rufewa da yatsa biyu.

Na mayar da yatsun ciki gaba ɗaya don kada duka ya same su, na kifa hancin cok ɗin a kan guntun maɗaci, na sa gajeren kan a busasshen raminsa, na buga masa gudumar katako da ƙarfi sau ɗaya. Sautin ya fito a dunƙule, ba irin na abin da ke da sarari a ciki ba. Daga nan na tura dogon kan cikin sandar injin, ina juyawa har harshensa ya faɗa gurbinsa, na ɗora katako a kan teburin injin, na sauke hannun injin har hancin cok ya zauna a kai, na danna da nauyin jikina.

Babu wuta a lokacin, sai muka tayar da janareta. Kafin in kunna injin na ɗaura sandar bawul ɗin babur a cok ɗin, saboda ita a miƙe take sosai, na ɗaure ta ramukan makullin uku ɗaya bayan ɗaya, na cire makullin na ajiye nesa, domin makullin da aka manta a jiki yana iya fasa wa mutum fuska. Na juya fulin, wato ƙafar da bel ke zagayewa, da hannu ina matso da bakin fensir a hankali, sai layin ya zagaye sandar kusan duka, bai tsaya a gefe ɗaya ba. Na mayar da bel kan matakin da ya fi jinkiri, tun da faffaɗan ƙarfen huda yana ƙona katako idan gudu ya yi yawa, na huda ramin gwaji a ragowar allo. Bakinsa ya fito sumul, hinjin ya shiga da 'yar dannawar babban yatsa, kuma da na kifa allon bai faɗo ba.

Aibi ɗaya na gano wanda wanki ba ya magancewa: bakunan yatsun sun ɗan cinye, don haka ƙarfen huda da bai kai milimita 2 ba yana zamewa. Wannan bai shafi aikina ba, ƙananan ramuka da injin hannu nake yin su. Kafin magariba mun huda ƙofofin da aka riga aka yanka, na shafe wajen cok ɗin da mai, na rufe kan injin da buhu saboda sauran danshin damina. Bel ɗin ya tsattsage ta ciki, ranar Litinin zan cire shi in tafi da shi kasuwa a auna mini irinsa.