Waƙar opera daga Jos: yadda nake lallaɓa murya da sana'a

A kwayar cocinmu a Tudun Wada, Jos, aka fara sa ni a layin sofrano, wato masu siririyar murya, don muryata tana hawa sama ba wahala. Da do-re-mi muke koyo a allo, kuma duk Kirsimeti sai mun rera wani ɓangare na Messiah, aikin mai tsara kiɗa Handel da aka fara gabatarwa a Dablin a 1742. A irin wannan taro ne wata malamar waƙa ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "'Yata, Allah ya ba ki murya, amma da maƙogwaro kike waƙa. Zo ki same ni."

Abu na farko da malamar, wadda nake kira Mama, ta yi shi ne ƙwace makirfo. An haifi opera, wato wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa, a Italiya wajen shekarar 1600, tun babu lantarki, kuma har gobe a manyan gidajen opera da zallar murya mawaƙiya take ratsa ƙarar makaɗa masu yawa ta isa kujerar ƙarshe. Ba da ihu ake yin haka ba. Mama takan sa in ɗora hannuwa a ƙasan haƙarƙarina, in ja numfashi har in ji sun buɗe ta gefe, kafaɗa ba ta motsa ba, sannan in riƙa sakin iskar kaɗan-kaɗan kan wasali ɗaya. Watanni muka yi a kan wannan kaɗai, ni kuwa ina ƙagauta in kai ga manyan waƙoƙi. Gwaggona da ta ji ni ina atisaye a ɗaki sai ta leƙo ta ce, "Ke, wa aka aurar kike ta guɗa haka?"

Harshen Italiyanci bai ba ni wuyar da na zata ba. Wasulansa a buɗe suke kamar namu, kuma suna ninka baƙi yadda muke yi, abin da ke wahalar da waɗanda Turanci ne a bakinsu. Jamusanci ne ya gasa mini aya a hannu.

Darasin da ya fi yi mini amfani shi ne sanin waƙar da zan ƙi. Muryar sofrano takan fara daga sautin C na tsakiyar piyano ta hau oktaf biyu, wato zagayen do zuwa do sau biyu, amma ba kowace sofrano ce ta dace da kowace rawa da ake takawa a wasan ba. Na so in gwada waƙar Sarauniyar Dare da mai tsara kiɗa Mozart ya rubuta a 1791, wadda take kaiwa F na can ƙololuwa, don ita ce mutane suke gani a YouTube su nema. Mama ta ce a'a, ta ba ni Susanna ta cikin operar Auren Figaro, rawar da ba ta da tsalle-tsalle irin wancan amma take koya wa mutum daɗewa a dandamali, da tafiya da dariya ana waƙa. A ganina ta yi daidai. Murya irin wannan sai kusan shekara talatin take nuna, kuma na ga 'yan'uwa masu baiwa da suka ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta tun suna ashirin, yau sai rawa take yi musu ba da son ransu ba.

Sai kuma Jos kanta. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma lokacin da aiki ya fi yawa, wato Disamba, shi ne lokacin da hunturu yake busar da maƙogwaro. Na saba da ɗaure wuya da gyale, da shan ruwan ɗumi tun da safe, da sirace da zallar ruwan zafi kafin barci. Yaji da daddare na daina, saboda ƙwarnafi yana ƙona maƙogwaro. Ranar da zan hau dandamali ba na yawan magana, har wasu na cewa girman kai ya shige ni.

Maganar kuɗi kuwa, ba mu da gidan opera mai biyan mawaƙa albashi. Abin da ke akwai shi ne bukukuwan aure, waƙoƙin Kirsimeti, da liyafar ofisoshin jakadanci a Abuja. Akwai wanda ya kira ni wani taro a can, na sha hanya ta Akwanga da Keffi, aka tashi ya ba ni kuɗin mota da godiya. Yanzu sai an ba da kafin alƙalami nake sa ƙafa, kuma nakan tambaya tun farko ko piyanon ɗakin an gyara masa sauti, domin sau da yawa kibod ake kawowa a jona da janareta.

Mai son takardar shaida sai ya bi jarabawar ABRSM, hukumar jarabawar kiɗa ta Birtaniya, daga mataki na 1 zuwa na 8, ko ya nufi makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan a Legas. Pretty Yende ta Afirka ta Kudu, wadda ta yi waƙa a bikin naɗin Sarki Charles a 2023, ta hanyar gasa ta samu shiga manyan gidajen opera, kuma hanyar da nake bi ke nan. Yanzu haka ina haɗa bidiyon neman shiga gasa: waƙa ɗaya da Italiyanci, ɗaya da Jamusanci, a ɗauka a zama guda ba yankewa. Mun ajiye ɗaukar sai an fara ruwa a Afrilu, lokacin da ƙura ta kwanta.