Godiya ga mutanen bakin ruwa, daga Haɗeja har Nguru

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi mun dawo gida lafiya. Masu ta kira suna tambaya wai da gaske a kwale-kwale muka yi hutun makarantar nan, eh da gaske ne, ni da ƙanena da wani abokin aikina malamin firamare, daga Haɗeja muka taso muka bi ruwa ta ƙasar Kirikasamma da Guri, muka ɗauki hanyar Marma har tafkin Nguru a jihar Yobe.

Bayan Allah, godiyata ta farko ta Baba mai jirgi ce. Dattijo ne masunci, ya haura sittin amma wuni yake yi a tsaye a gindin jirgi da gora a hannu, in ruwa ya yi zurfi ya ajiye ta ya ɗau filafili, kuma wallahi da ido kawai yake gane inda yashi ya taru a ƙasa. La'asar na yin sakaliya zai nemi gaɓa ya ɗaure jirgi, ko mun ce Baba a ɗan ƙara gaba sai ya ce Malam ni ba na tuƙin dare da 'ya'yan mutane. Baba, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara maka lafiya.

Inda muka ga tashin hankali shi ne bayan mun wuce Likori. Duk wanda bai taɓa shiga cikin kacala ba ba zai gane ba, ciyawa ce ta fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, ta toshe hanyar ruwa ruf, gaba ba dama baya ba dama, ga jirgin ya daki wani kututture ya fara shan ruwa ta gefe, ƙanena na ta kwarfa da ƙwarya hannunsa na rawa, ga sanyin hunturu ga sauro, waya kuma babu sabis ko ɗigo. Muna nan har duhu ya fara, sai Allah Ya jefo wasu samari masunta da suka zo duba tarunsu, suka ji kiran Baba. Yaran nan ba su san mu ba, ba su tambayi ko su waye mu ba, suka faɗa ruwan sanyin nan har ƙirji da adda da lauje suna sara suna jan jirgi har muka fita. Ɗayansu kacala ta yanke shi a tafin hannu, ya yaga gefen rigarsa ya ɗaure ya ci gaba da sara. Har yanzu in na tuna sai na ji ƙwalla.

Mai unguwarsu ya sauke mu a zaurensa, aka hura mana wuta, daga cikin gida aka aiko da tuwon shinkafa da miyar kuka da bandar tarwaɗa. Da asuba kafinta ya toshe ɓarakar da tsumma da kwalta ya buga gwangwani a kai. Na miƙa kuɗi, mai unguwa ya ce haba Malam, baƙon ruwa ai ba a karɓar masa kuɗi.

A hirar daren nan na ji abin da ke damunsu. Dattawan sun ce tun da aka yi dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 tafiyar ruwan ta canza, kacala ta samu wurin zama, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi, sannan tsuntsayen jan baki a cikinta suke kwana su fito su afka wa amfanin gona. Don Allah duk wanda ke da murya wajen hukuma ya taya su magana a yashe musu hanyar nan, mutanen kirki ne kuma suna shan wuya.

Ba wahala kaɗai muka gani ba fa. Tsuntsayen da ke tsere wa sanyin Turai su zo dausayin Baturiya da kewaye mun gan su garke-garke, safiya guda har sai da Baba ya tsayar da jirgi muka yi kallo. Na gode wa matan Fulani da suka dama mana fura a rugarsu, da direban da ya ɗauko mu daga Nguru, da Inna da maiɗakina da suka yi ta addu'a ba barci.

Sauran kuɗin guzurinmu mun yanke shawarar sayen rigunan ruwa da shi mu aika wa samarin nan, wanda ke son sa hannu ya yi min magana ta inbos kafin Juma'a.