Tsohuwar kaza: wadda za a yanka da wadda za a bari

Da zarar bazara ta kama a nan Tawa, wajen Afrilu da Mayu, sai ka ji mata suna kuka da kajinsu: ba ƙwai, sai cin hatsi. Wasu nan take suke ɗaure musu ƙafa, a kai kasuwa. Abin yana damuna, domin ba kowace kazar da ta tsaya da ƙwai ba ce ta tsufa. Zafin da ya haura digiri 40 yana kashe wa kaza son abinci, wadda ba ta ci ba kuwa da me za ta yi ƙwai? Haka wadda ke zubar da gashi tana fitar da sabo, takan yi wata biyu ko uku shiru, sannan ta dawo.

Saboda haka a duba tukuna. Wurin Inna na koya. Da magariba, bayan sun shiga akurki sun natsu, sai ta kamo kaza ta rungume ta a hammata, ta laluba ƙasusuwan nan biyu da ke gefen duburarta. In yatsu biyu ko uku sun shiga tsakaninsu, kazar tana cikin ƙwai. In da ƙyar ɗaya ya shiga, ga zanko ya motse ya yi fari-fari ya bushe, to ta tsaya. Irin wannan nakan ware ta a inuwa, in wadata ta da ruwan sanyi da dusa, in daka mata ɓawon ƙwai da na gasa, in ba ta wata guda. In ba labari, na san shekaru ne.

Daga nan kajin turawa da na Hausa ba hukuncinsu ɗaya ba. Jajayen nan na gidan gona suna fara ƙwai da kamar wata 5, a shekarar farko su kusanci ƙwai 300, bayan shekara ɗaya da rabi kuma sai abin ya soma ja da baya. Ci kam ba ya raguwa: giram 110 zuwa 120 kullum, wato fiye da kilo 3 a wata, kuma abincin na saye ne. Ba su cika kwanci ba. In ta ƙare, a sayar da ita gab da Salla lokacin da kaza ke daraja, ko a ajiye ta don suna ko baƙo. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

Kazar Hausa fa, tun asali ba mai yawan ƙwai ba ce, 40 zuwa 60 ne a shekara. Aikinta kwanci da reno, kuma a nan ne tsohuwa ta fi budurwa. Ina da wata wake-wake da ƙwanta ya ragu ƙwarai, har ƙanena ya fara wasa wuƙa. Inna ta ce mini, "A'a, ɗiyata, bar ta. Damina na tafe, wa zai kwanta miki a kan ƙwan zabi?" Gaskiyarta. Zabuwa da damina take zuba ƙwai, amma ba ta da haƙurin zama a kansu. Ƙwan kaza kwana 21 yake ƙyanƙyashewa, na zabo sai 26 zuwa 28, kuma a wannan mako na ƙarshe ne ƙaramar kaza kan gaji ta tashi, ƙwai su huce. Wake-wake ba ta tashi sai shan ruwa, ta yi birgima cikin toka ta koma. Bayan ƙyanƙyasa kuma, in shirwa ta gifta, kira ɗaya take yi 'ya'yan zabin su shige ƙarƙashin fikafikanta. Ita ke kiwon kanta a tsakar gida, tsaki kaɗan nake watsa mata. Muddin tana kwanci, ba mai taɓa ta.

Wadda ba ƙwai ba kwanci, ina roƙo kada a jira sai ta kwanta ciwo. Hunturu na zuwa da cutar nan da likitocin dabbobi ke kira Niyukasal, mai share akurki cikin 'yan kwanaki. A rage tsofaffin kafin sanyi, sauran a yi musu rigakafi. Marar lafiya kuma kada a kai ta kasuwa, zalunci ne ga wanda zai saya ya haɗa da nasa.

Naman tsohuwar kaza da tauri, ba na suya ba ne. Farfesu ya dace da shi: albasar Galmi da yawa, citta, tafarnuwa, masoro, wuta kaɗan-kaɗan, a rufe tukunya awa biyu ko fiye, ana ƙara ruwan zafi in ya tsotse.