Yadda muka gwada kama masu ɓoye suna da laptop

Ni da wani abokina da ya karanta saikoloji muka haɗa wani gwaji na kama masu ɓoye sunansu na gaskiya a shagonsa na kwamfuta a Unguwar Rimi. Tsarin ba sabo bane, wani masanin saikoloji David Lykken ne ya fito dashi tun 1959, kuma ba tambayar mutum ake ko ƙarya yake ba, ana duba ne ko ya gane wani abu da yace bai sani ba. 'Yan sandan Japan har yau suna aiki dashi, sai dai su na'urar auna gumin hannu suke sawa, na intanet ɗin kuwa wanda Bruno Verschuere na jami'ar Amsterdam da abokin aikinsa suka wallafa a 2016 lokacin da mutum ke ɗauka kafin ya danna amsa kawai yake aunawa.

Kowa muka bashi sunan bogi da gari da ranar haihuwa ya haddace, sai sunaye su riƙa fitowa a sikirin da sauri, in na bogin ya fito ka danna "nawa ne", duk sauran ka danna "ba nawa ba", to a cikin sauran nan muka cusa sunanka na gaskiya. Wallahi abin mamaki, mutum ya daure fuska yana ta danne-danne amma da sunan yankansa ya bayyana sai yatsan ya ɗan tsaya, jinkirin da ido baya gani sai kwamfuta. Ido dama ba abin dogaro bane, binciken Bond da DePaulo na 2006 ya nuna kashi 54 cikin ɗari na lokuta kawai mutane ke canka daidai tsakanin mai gaskiya da maƙaryaci.

Inda abin ya cakuɗe shine kan wata antinmu daga Tudun Wada, sakamakonta ya nuna tana ɓoye sunan Abubakar. Na ce Anti ya haka? tayi dariya tace kai yaro sunan maigidan ne, ko a baki bata faɗa balle ace ta danna "ba nawa ba" a kansa. Kenan gwajin baya rarrabe mai laifi da mai kunya, duk sunan da yake da nauyi a ranka zai riƙe maka hannu, shi yasa yanzu kafin mu fara sai mun tambayi sunan iyaye, miji da ɗan fari mun cire su.

Ranar haihuwa kuwa kusan bata mana aiki ba, da yawa wadda ke kan katinsu daban wadda aka faɗa musu a gida daban, wani ma 1 ga Janairu aka rubuta masa kawai, babu abinda yake ji in ya ganta. Sunan unguwa yafi kamawa.

Sannan waya bata yi, tsohuwar Android sai ta riƙa maƙalewa mutum ya fito kamar ɗan damfara alhali sikirin ne. Kowa laptop ɗaya muke zaunar dashi yanzu, kuma duk wanda sakamakonsa ya nuna jinkiri sai mun zauna mun ji dalili daga bakinsa kafin mu rubuta komai.