Ƙaramar Hukuma da Baƙon Birni

Na daɗe da yarda cewa jituwar ƙabilu a babban birni tana farawa ne daga teburin ma'aikacin ƙaramar hukuma, inda tsohuwa baƙuwa take tsaye riƙe da takarda, ba ta jin harshensa. Idan aka kira mata tafinta aka saurare ta da mutunci, za ta koma gida da jin cewa ita ma 'yar gari ce, kuma wannan ya fi mini bukukuwan al'adu muhimmanci, duk da ina ƙaunarsu. A shekarar 2015 hukumar birnin New York ta fara bai wa mazauna katin shaida ba tare da tambayar izinin zamansu a Amurka ba, katin da ake aron littafi da shi a ɗakunan karatu.